Yadda ake toshe ƙofar zamba a makaranta, da yadda ake kai ƙara idan an gano ta

Iyaye da malamai, har da wasu masu makarantu, sun daɗe suna jefo mini tambaya iri ɗaya: "Jikinmu yana ba mu ana cin kuɗin makarantar nan, to ta ina za mu fara?" Wasu kuma nasu ya wuce zargi. Sun ga abu da idonsu, amma suna tsoron buɗe baki kada reshe ya juye da mujiya. Ga matakai goma sha biyu: bakwai na farko na toshe ƙofa ne, biyar na ƙarshe kuma na abin da za a yi ne idan ɓarna ta riga ta auku. Idan na ce zamba, ina nufin wawure kuɗi, sunayen bogi, aringizon farashin kaya, da cinikin maki ko takardun jarrabawa.

1. Ku zana hanyar da kuɗi ke bi

Ku zauna ku uku ko huɗu da farar takarda: shugaban makaranta, ma'aji, da mutum ɗaya ko biyu daga kwamitin gudanarwa ko na iyaye. Ku jera duk wata kafa da kuɗi ke shigowa: kuɗin zango, fom ɗin shiga, rajistar jarrabawa, yunifom, littattafai, motar ɗalibai, tallafin hukuma, gudummawa, hayar zaure ko fili. A gaban kowace ku amsa tambayoyi huɗu: wa ke karɓa, wa ke rubutawa, wa ke kai wa banki, wa ke dubawa. Duk layin da suna ɗaya ya fito sau uku ko huɗu, ku ja masa jan biro. Nan ne bango ya tsage.

Gargaɗi: kada ku raina ƙananan kuɗi. Kuɗin zango kowa idonsa na kai. Na katin shaida da ya ɓata, na yawon buɗe ido, na tarar makara, su ne ake karɓa hannu da hannu ba rubutu, kuma a shekara su kan taru su yi kauri.

2. Ku raba aikin, kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi daga shigarsu har fitarsu

Idan abu ɗaya tak za ku ɗauka daga wannan rubutu, to wannan ne. Mai karɓar kuɗi daban, mai shigar da su a littafi ko kwamfuta daban, mai gwada littafin da bayanin banki daban. Wajen fitar da kuɗi ma haka: wanda ya nemi a sayi abu ba shi zai amince da sayen ba, kuma ba shi zai sa hannu cewa kayan sun iso ba.

Ƙaramar makaranta za ta ce ba ta da ma'aikata. Ba sai an ɗauki sabon mutum ba. Malami ɗaya zai iya riƙe littafin karɓar kaya, wani daga iyaye mai ɗan sanin lissafi ya duba bayanin banki sau ɗaya a wata. Asusun makaranta kuma ya kasance da sunan makaranta, ba da sunan shugaba ko matarsa ba, kuma kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu.

Inda wannan mataki ya fi cin tura shi ne wajen kunya. Ma'aji ya shekara ashirin yana aiki, kowa ya san shi da kirki, wa zai iya kallon idonsa ya ce za a riƙa duba littafinsa? Ga yadda na ga ana faɗa ba tare da ɓacin rai ba: "Malam, ba don ba mu yarda da kai ba ne. Ranar da wani zai yi maka ƙazafi, wannan takardar ce za ta wanke ka." Mai gaskiya yakan yi na'am da haka, domin shi ma an sauke masa nauyi. Wanda ya tashi da faɗa, yana cewa an ci masa mutunci, ba lallai ɓarawo ba ne, amma kada faɗansa ya sa a janye tsarin.

Gargaɗi: kada mai sa hannu na biyu ya rattaba hannu a kan cek ɗin da ba a cike ba, wai don zai yi tafiya. Haka kuma kada ya ba abokin sa hannunsa kalmar sirrinsa ta banki ko lambar da ake turowa a waya. Wanda ya yi haka ya mayar da hannu biyu hannu ɗaya. Sannan a tilasta wa duk mai riƙe kuɗi tafiya hutu na aƙalla mako biyu a jere kowace shekara, wani ya zauna a kujerarsa. Zamba da yawa tana buƙatar kullum mai ita ya riƙa yi mata faci, da ya ɗaga sai ta yage.

3. Rasit mai lamba, da littafin da ke lissafa rasit ɗin kansa

Ku buga littattafan rasit masu lamba a jere, kowace takarda da kwafinta. Ku buɗe rajista daban da ke nuna littafi nawa aka buga, daga lamba kaza zuwa kaza, wa aka ba, yaushe. Ba a ba da sabo sai an dawo da tsohon. Rasit ɗin da aka yi kuskure a kai ba a yaga shi, a rubuta "an soke" a bar shi cikin littafin tare da kwafinsa. Kuɗin wannan duka bai wuce na ɗab'i ba.

Na taɓa zama a kan lissafin wata makaranta inda komai ya daidaita, kwafin rasit da littafin kuɗi da banki duk bakinsu ɗaya. Sai wata uwa ta zo da nata rasit ɗin a ninke cikin jaka, don an ce ana bin ɗanta bashi. Muka ɗora shi kusa da kwafinsa. Lamba ɗaya, suna ɗaya, kwanan wata ɗaya, amma adadin da ke hannunta ya ninka na kwafin. Ashe mai karɓar yakan cusa ɗan kwali tsakanin takardar sama da kabon idan ya zo rubuta adadi, daga baya ya cike kwafin da abin da ya ga dama. Da muka ɗaga kwafin a haske, sunan yaron ya fito dishi-dishi irin na kabon, adadin kuwa ya fi shi duhu. Tun daga ranar, duk zango nakan ce a zaɓi iyaye ashirin ba tare da tsari ba, a roƙe su su kawo rasit ɗinsu a gwada.

Hanya mafi sauƙi ita ce a daina karɓar tsabar kuɗi gaba ɗaya, kowa ya biya ta banki da lambar ɗalibi.

Gargaɗi: hoton saƙon tura kuɗi ko takardar banki da aka nuna maka ba shaida ba ce, ana ƙirƙirar su. Ba a ba da rasit sai an ga kuɗin sun zauna a asusun makaranta. Akwai kuma dabarar da ake cin kuɗin ɗalibi na farko, a rufe gurbinsa da na biyu, na biyu da na uku, haka har zango ya ƙare. Maganinta shi ne wani wanda ba mai karɓa ba ya riƙa aika wa iyaye bayanin abin da suka biya da abin da ya rage.

4. Ku daidaita lissafi kowane wata

Aikin awa biyu ne. A ɗauki adadin ɗalibai daga rajistar aji, ba daga ofishin kuɗi ba. A ce su 412 ne, an yafe wa 15, wasu 40 ba su biya ba. Ke nan ya kamata a ga kuɗin mutum 357 a rasit, a gan su a littafi, a gan su a banki. Idan na 340 aka gani, sai a nemi sunayen mutum 17 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Jerin waɗanda aka yafe wa ma a duba shi da takardar amincewa, don wurin ɓuya ne mai daɗi: uba ya biya, a rubuta an yafe masa.

Gargaɗi: bayanin asusu ya fito kai tsaye daga banki zuwa ga mai dubawa. Wanda ya biyo ta hannun wanda ake duba aikinsa, ana iya gyara shi a kwamfuta cikin minti goma.

5. Ku ƙirga mutane, ku ƙirga kaya

Sau ɗaya a zango, ba tare da sanarwa ba, a ɗauki jerin albashi a bi shi suna bayan suna: wannan wane aji yake koyarwa, ina yake yanzu? A duba ko akwai sunaye biyu masu lambar asusu ɗaya, ko wanda ya rasu ko ya bar aiki amma albashinsa na tafiya. Inda hukuma ke ba da tallafi gwargwadon yawan ɗalibai, a shiga aji a ƙirga kawuna a gwada da rajista.

Wajen saye, a ƙayyade wani adadi wanda duk abin da ya haura shi sai an nemo farashi daga wurare uku. Ku kira wuraren ukun da kanku, domin sau da yawa mutum ɗaya ne ya rubuto duka ukun da kanun takarda daban-daban. Ku lura da wanda ke yanka babban saye gida-gida don kowane yanki ya faɗo ƙasa da ƙa'idar. Duk wanda ɗan'uwansa ke cikin masu neman kwangila ya faɗa a rubuce, ya tashi daga zaman. Idan kaya sun iso, mai sito da wani mutum na biyu su ƙirga kafin a biya: benci 60 aka rubuta, to ido ya ga 60.

Gargaɗi: idan saƙon imel ko na waya ya zo cewa mai kawo muku kaya ya sauya asusu, kada ku tura ko sisi. Ku kira shi a tsohuwar lambar da kuka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Wannan damfara daga waje take zuwa, kuma kullum da gaggawa take zuwa.

6. Maki da jarrabawa ma dukiya ne

Tambayoyin jarrabawa su bi ta hannu kaɗan, a buga su kusa da ranar, a rufe a ambulan mai hatimi, a buɗe a gaban ɗalibai. Malami kada ya tsare jarrabawar darasinsa shi kaɗai. Takardun amsa su bar ɗakin nan take, a ƙirga, a kulle. Duk sauya maki bayan an shigar sai da fom mai ɗauke da dalili da sa hannun mutum biyu, kuma kowane malami da kalmar sirrinsa, don a san wa ya taɓa me.

Kada ku ɗauka ɗalibai kaɗai ke maguɗi. A birnin Atlanta na Amurka, binciken da aka fitar a 2011 ya ambaci mutum 178, malamai da shugabanni, a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin ɗalibai, kuma a 2015 kotu ta sami 11 da laifi. Abin da ya taimaka wajen tona asirin shi ne yawan gogewa a takardu, daga amsar kuskure zuwa ta daidai, fiye da yadda hankali zai ɗauka. Saboda haka idan sakamakon wani aji ya yi tsalle a zango ɗaya, kafin a yi tafi a ɗauko takardu goma a duba.

7. Ku manna lissafi a allo, ku buɗe hanyar kawo rahoto

A rubuta duk kuɗin da aka halatta karɓa a manna a ƙofar shiga, da layi ɗaya a ƙasa: "Duk abin da ba ya cikin wannan jeri, kada ka biya." Tallafin da ya shigo da yadda aka kashe shi ma a manna. A Uganda, wani bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kusan kashi 13 cikin 100 kacal na tallafin da gwamnati ke warewa kan kowane ɗalibi ke isa makarantun firamare. Gwamnati ta fara buga adadin da take turawa a jaridu, aka kuma sa makarantu su riƙa mannawa a allo. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80.

Sai hanyar kawo rahoto. Ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE, a rahotonta na 2024, ta nuna cewa kashi 43 cikin 100 na zambar da aka gano a wuraren aiki ta hanyar tsegumi aka gano ta, fiye da rabin tsegumin kuma daga ma'aikata ya fito. Odita na waje, wato mai binciken lissafi da ake ɗaukowa, kashi 3 kawai ya kama. Wato mai shara da direba sun fi shi gani. Ku tanadi hanya biyu aƙalla: akwati mai makulli biyu a wurin da ba a ganin mai sakawa, da lambar waya ko imel da ke hannun wani a kwamiti. Wannan ba ya nufin a bar ɗauko odita sau ɗaya a shekara. Shi ne mafi tsada a duk tsarin, don haka kwamiti ne zai zaɓe shi, kwamiti zai kai wa rahoto.

Gargaɗi: akwatin da makullinsa ke aljihun shugaban makaranta ado ne kawai.

8. Idan ka ga wani abu: rubuta kafin ka yi magana

Ka sami ɗan littafi naka na kanka, ba na makaranta ba. Rubuta rana, lokaci, wuri, wanda ke nan, da abin da idonka ya gani. Ka raba abin da ka gani da abin da aka gaya maka da abin da kake zato. "Ranar 9 ga wata na biya, aka ba ni rasit mai lamba 0318, ranar 20 aka ce ba a ga kuɗina ba" hujja ce. "Kowa ya san yana ci" ba hujja ba ce. Ka adana rasit, saƙonnin waya da hotunan takardun da aikinka ya ba ka damar gani, ka ajiye kwafi a wajen makaranta.

Gargaɗi: kada ka fasa durowa, kada ka shiga kwamfutar wani, kada ka kwashe takardun asali. Naɗar murya a ɓoye kuma laifi ne a wasu ƙasashe, ka tambayi lauya tukuna. Kada ka tunkari wanda kake zargi, don daren ranar takardu za su yi ƙafa. Kada kuma ka watsa a Facebook ko WhatsApp da sunan mutum. Ko kana da gaskiya, shari'ar ɓata suna za ta iya mayar da kai wanda ake tuhuma.

9. Zaɓi inda za ka kai

Ƙa'idar ita ce ka tsallake wanda abin ya shafa, ka kai wa na sama da shi. Idan akawu ne, shugaban makaranta. Idan shugaban ne, shugaban kwamitin gudanarwa ko mai makarantar. Idan su ma kana shakkar su, ko ka kai an yi shiru, sai ofishin ilimi da ke kula da makarantar. Kuɗin gwamnati ko cin hanci na hukumar yaƙi da rashawa ne ko ofishin babban mai binciken kuɗi. Fitar da tambayoyin jarrabawar ƙasa na hukumar da ta shirya jarrabawar ne. Damfara ta banki kuwa, a kira bankin nan take a nemi a tsayar da kuɗin, sannan a je wurin 'yan sanda, domin a nan awa ɗaya ma tana da tasiri.

Gargaɗi: idan lamarin ya haɗa da neman lalata da ɗalibi don maki, ya tashi daga batun lissafi. Ba a jira kwamiti, a tafi wurin 'yan sanda da hukumar kare yara a ranar.

10. Yadda ake rubuta takardar ƙara

Shafi ɗaya ya isa. Wane ne kai da alaƙarka da makarantar, me ya faru bi da bi da kwanan wata, nawa ne idan ka sani, wace shaida ka haɗa, wa kuma zai iya tabbatarwa. Ba zagi, ba tarihin tsohuwar gaba. Ka haɗa kwafi, asali ya zauna a wurinka. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin, ko a ba ka lambar ƙorafi.

Sa suna ko ɓoyewa? Takarda marar suna tana kare ka, amma mai bincike ba shi da wanda zai koma wa da tambaya, shi ya sa da yawa ke mutuwa a durowa. Tsaka-tsaki shi ne ka buɗe sabon adireshin imel da ba ya ɗauke da sunanka, ko ka bayyana kanka ga mutum ɗaya ka nemi a sakaya ka a rubuce. Kai ƙara ga hukuma galibi ba a biyan komai. Wanda ya nemi ka ba shi wani abu kafin ya karɓi takardarka, shi ma ka rubuta sunansa a littafin nan.

11. Ga wanda aka kawo wa ƙarar

Ka sanar da mai ƙara cewa ta iso ka. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 kan masu fallasa ɓarna a wurin aiki ta sa kwana 7 don wannan, da wata 3 don ba da bayanin inda aka kwana, kuma ma'auni ne mai kyau ga kowace makaranta. Kafin kowa ya ji, ka killace littattafai, ka kwafe bayanan kwamfuta, ka sauya masu sa hannu a banki idan da buƙata. A naɗa mutum biyu ko uku da ba su da alaƙa da ɓangarorin biyu. A saurari wanda ake zargi, a rubuta amsarsa, domin wani lokaci sakaci ne ba sata ba, wani lokaci kuma sharri ne aka ƙulla masa.

Babban kuskure a nan shi ne kitso da ƙwarƙwata, wai don kare sunan makaranta. A gundumar makarantu ta Roslyn da ke jihar New York, a 2002 an kama wata babbar jami'ar kuɗi da cin kimanin dala 250,000. Aka bar ta ta biya, ta ajiye aiki a asirce. A 2004 jaridar ɗaliban sakandaren ta tono maganar, bincike ya biyo baya, aka gano abin da ya salwanta ya haura dala miliyan 11, kuma shugaban gundumar da kansa yana ciki. Wanda ya fi kowa matsawa a rufe magana, a tambayi dalilinsa.

12. Bayan ka kai ƙara

Ka ci gaba da aikinka yadda ka saba, kada ka ba da ƙofar da za a kama ka da makara ko fashi. Duk wani sauyi da ya biyo baya, sauya maka aji ba dalili, takardar gargaɗi, riƙe albashi, ko matsa wa ɗanka, ka rubuta shi da kwanan wata a littafin nan, ka sanar da inda ka kai ƙarar. Ƙasashe da dama suna da dokar kare masu fallasa, amma ƙarfinta ya bambanta, don haka ka tuntuɓi ƙungiyar malamai ko lauya tun kafin a taɓa ka. Idan wata ɗaya ya wuce ba ka ji komai ba, ka rubuta tunatarwa mai ɗauke da lambar ƙorafinka. Idan aka sake yin shiru, ka haɗa takardar farko da tunatarwar, ka kai mataki na gaba a jerin da ke lamba ta 9.